Kyautar Rashin Fashi

Ranar da Kaka ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, Baba bai ɗauki minti biyar ba wajen zaɓar wadda za ta zauna jinyarta. Mu uku ne 'ya'yan gidan, duk mata, duk makarantar sakandare ɗaya muke, kuma Baba ne shugaban kwamitin da ke kula da makarantar. Ya jera mu a falo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ta saman gilashinsa, kamar yadda yake duban takardun taro.

Ni ba a taɓa ni. Ina cikin goman farko a ajinmu, hotona na manne a allon sanarwa. Auta ma ba a taɓa ta, tana cikin goman ƙarshe, har an sa ta a darasin yamma da ake kira ajin ceto. Saura Yaya, wadda ke ajin ƙarshe, kuma tun da ta shiga makarantar take zuwa ta ashirin da uku cikin arba'in da shida.

"Ke ce ba ki da matsala," in ji Baba. "Sati biyu ne kawai."

"Baba, bana fa za mu yi jarrabawar fita."

"Na sani mana. Ni da nake sa hannu a jadawalin?"

Mama, wadda ke aikin ofis daga safe zuwa la'asar, ta kawo shawarar a ɗauko mai jinya. Baba ya ce uwarsa ba za ta koma hannun bare ba alhali yana da 'ya'ya mata har uku, mutane su ce me? Mama ta ce gaskiya ne. Yaya ta ce to. Tun muna ƙanana Yaya take cewa to.

Dole in faɗi yadda makarantarmu take, in ba haka ba abin da ya biyo baya zai yi kama da ƙarya. Firinsifal ɗinmu tana da wani tsari da take alfahari da shi, ta sa masa suna Goma da Goma. Goman farko na kowane aji su ke ciyo gasa a ji sunan makaranta a rediyo. Goman ƙarshe su ke jawo tambayoyin masu duba makarantu. Don haka waɗannan ashirin ɗin kowane malami ya san su, har unguwar da suke. Sauran, 'yan tsakiya, suna zaune a layukan baya, ba sa ɗaga hannu, ba sa haura katanga. An yi musu hatimin roba don kada malamai su gaji da rubutu. A buga a katin sakamako ya fito da shuɗiyar tawada: "Ba laifi. A ƙara ƙoƙari."

Da safe malamar aji ba ta kiran suna. Za ta buɗe rajista ta tambayi monita, "Na gaba sun cika?" A faɗi wadda ba ta zo ba. "'Yan ceto fa?" A faɗa. Sai ta ɗaga kai ta hango bayan aji, ta ga kawuna, ta zuba alamar zuwa daga sama har ƙasa.

Baba ya ce kada a kai wasiƙa, shi da bakinsa zai gaya wa Firinsifal. Ya kuma ja mini kunne kada in riƙa yawo da zancen gida a makaranta. Daga baya na gane bai gaya mata ba. Mutumin da ya yi dogon jawabi a taron iyaye a kan masu hana yara zuwa makaranta, da wane baki zai ce ya zaunar da tasa?

Sati biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas. Yaya ke juya Kaka duk bayan awa uku kada bayanta ya yi gyambo. Ita ke zubar da fo, ta wanke zanin gado, ta niƙa ƙwayar magani a cokali don Kaka ba ta iya haɗiyewa. Da yake tana gida, sai Mama ta ce ta riƙa ɗora girkin rana. Da yake ta riga ta kunna wuta, sai ta haɗa da na yamma. Da yake tana wanki, sai kayan makarantarmu ma suka bi. Ba wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci, ayyukan ne suka yi ta gangarowa kanta da kansu.

Ni nake aro mata littafin ƙawarta da suke benci ɗaya, ta kwafi darasi a bakin gadon Kaka. Da farko kullum sai ta kwafa. Daga baya sai in dawo in tarar da littafin inda na ajiye shi, da tabon mai a bangonsa. Burinta ba wani mai girma ba ne: ta ci jarrabawar fita, ta shiga makarantar koyon aikin asibiti. Da ta tuna wa Baba, ya yi dariya ya nuna ɗakin Kaka.

"Ga asibiti nan an kawo miki har gida. Wasu sai sun shekara uku kafin a bar su su taɓa maras lafiya."

Kaka kanta abin bai yi mata daɗi ba. In Baba ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Kai, yarinyar nan ba ta da makaranta ne?"

"An yi hutu, Inna."

"Wane irin hutu ne ya tsallake ƙannenta ya faɗa kanta ita kaɗai?"

Sai Baba ya tambaye ta ya ƙafar.

Jarrabawar zangon farko ta zo ta wuce Yaya na gida. Ranar da aka raba sakamako, aka miƙo mini kati uku in kai gida. Na tsaya a hanya na sake dubawa, ko an haɗa da na wata. Sunan Yaya ne.

Baba ya zauna a kujerarsa ya fara da nawa, ya gyaɗa kai. Ya buɗe na Auta, ya yi tsaki, ya ce za a ƙaro mata malamar lissafi. Ya buɗe na uku.

"Lissafi hamsin da huɗu. Turanci hamsin da biyu. Kimiyya hamsin da shida." Ya ɗago kai. "Ta ashirin da biyu. Ke, kin ma ƙara gaba."

Yaya na tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu. "Baba, ban rubuta ba fa."

"To ga shi an ba ki maki."

"Ko ɗaya ban zauna ba. Kana gani ina nan."

"So kike ki ce malamai goma sha ɗaya sun haɗa baki sun yi ƙarya? Da hatimi da komai?" Ya juya katin. "Zuwa makaranta, kwana sittin da biyu cikin sittin da biyu." Ya zaro biro ya sa hannu a gurbin mahaifi. "Ni abin da na fahimta, zaman gidan nan bai rage ki da komai ba. Da ma hankalina bai kwanta ba, amma yanzu alhamdulillahi."

Mama ta ce Allah Ya sa albarka, ta ce Yaya ta fitar da bokitin kafin ya cika falon da wari.

Da aka koma zango na biyu na yi abin da ban taɓa yi ba, na saɓa wa Baba. Kwana uku ina zuwa ƙofar ofishin malamai ina juyowa. A na huɗu na shiga. Malamar ajin su Yaya na shan shayi. Ta san ni, don ni na ciyo wa makaranta kofin muhawara.

"Malama, maganar yayata ce. Tana ajinki."

"Kina da yaya a ajina? Ikon Allah. Wacce?"

Na faɗi sunanta.

"Doguwar nan mai gilashi?"

"A'a, Malama, ba ta sa gilashi."

"To mai wushiryar nan ce."

"A'a."

"Na dai gane ta. Yarinya mai natsuwa. Ai jiya ma na gan ta."

"Malama, wata uku ke nan rabonta da makaranta."

Ta ajiye kofin. Ta jawo rajista, ta bi layin Yaya da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. "A nan dai tana zuwa."

Na tambaye ta to makin jarrabawa fa. Ta yi mini bayani a hankali kamar mai koyar da darasi. Takardun 'yan tsakiya suna da yawa, wani lokaci su zube, wani lokaci a manta su a mota. In malami bai ga takardar yarinya ba, alhali rajista ta nuna tana nan, to laifin malamin ne, sai ya ba ta irin makin da ta saba samu.

"Don kada a zalunci yarinya," in ji ta.

"To a gyara, Malama."

"A gyara?" Ta dube ni kamar na ce a rushe ginin. "Kin san masu dubawa sun ga rajistar nan sun buga hatiminsu? Kin san wanda ya sa hannu a ƙarshen zango?" Ta buɗe shafin ƙarshe. Sa hannun Baba ne, mai doguwar wutsiya. "Ki ce mata ta zo makon rajistar jarrabawa. Wannan kam na'ura ce, sai ta ga yatsa."

Rajistar jarrabawar fita ba a hannun makaranta take ba. Hukumar jarrabawa ke turo mutanenta da na'ura su yi kwana biyar, kowace ɗaliba ta dangwala yatsa a ɗauki hotonta. Wadda ba ta dangwala ba, ba ta da kujera a ɗakin jarrabawa, ko 'yar waye.

Yaya ta wanke kayan makarantarta, ta goge, ta rataye a bayan ƙofa. Litinin aka kai Kaka asibiti duba ƙashi, kuma sai da mai riƙe ta. Talata Mama ta ce shugabansu ya dawo daga tafiya, ba halin neman izini. Laraba Baba ya ce tsakiyar mako cunkoso ne, a bari a ragu. Alhamis ya manta. Saura Juma'a.

Na ce ni zan zauna da Kaka, ai awa biyu ne. Baba ya ce ranar ce gasar kacici-kacici, makarantu takwas, kuma an riga an buga sunana.

"So kike ki kunyata makaranta?"

Na ce a'a. Da na dage ban san abin da zai faru ba, don ban dage ba. Auta ta ce ita za ta zauna, har da tsallenta. Baba ya ce ita da ake ceto, kwana ɗaya ta rasa aiki ya koma baya. Ya ce Yaya ta shirya, ƙarfe goma zai baro taro ya zo ya zauna da uwarsa da kansa.

Taron na kwamiti ne, kuma batu na farko a ajanda shi ne yadda za a tallafa wa ɗalibai 'yan tsakiya. An ce muhawara ta yi zafi sosai. Ba a tashi ba sai bayan la'asar.

Sauran labarin daga bakin Kaka na ji rabi, rabi daga bakin Yaya bayan kwanaki. Ta zauna cikin kayan makaranta tun ƙarfe takwas, har da safa, tana duban agogo. Da ƙarfe ɗaya ta yi Kaka ta ce, "Tashi ki tafi, 'yar nan. Ina zan je da wannan ƙafar, rawa?" Yaya ta ajiye mata ruwa kusa, ta fita da gudu.

Maigadi ya tare ta a ƙofar makaranta. Doka ce, wadda ta zo bayan ƙarfe takwas ba ta shiga sai da takardar malamar aji. Ta ce rajista ta zo. Ya ce shekararsa tara a ƙofar nan, ya san duk masu makara da masu haura katanga, ita kuwa bai taɓa ganinta ba. Ta ce ita 'yar shugaban kwamiti ce. Ya ce 'ya'yan shugaba biyu ne, mai kofi da ta ajin ceto, ta nemi wata ƙaryar. Suna cikin haka motar hukumar jarrabawa ta zo fita. Ya ce ta matsa gefe, ya wangale musu ƙofa.

Ta dawo ta tarar Mama ta riga ta isowa, Kaka kuma ta jiƙa shimfiɗa. Da Baba ya shigo ya yi faɗa kamar zai tsaga rufin.

"A bar tsohuwa ita kaɗai a gida? Da wuta ta tashi fa?"

Kaka daga ɗaki ta ce ita ta aike ta. Baba ya ce Inna ta daina ɓata yara. Sai da ya huce aka gaya masa an rufe rajista. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga.

"Jarrabawa ba gudu take ba. Baɗi na nan. Ki maimaita ajin, ki ma fi samun natsuwa."

Yaya ta shige ɗaki. Ta ninke kayan makarantar ta sa a ƙasan akwati. Ni kuma na zo ta biyu a gasar, aka ba ni ƙamus. Na ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, amma Baba ya ji a bakin Firinsifal, ya sayo mana lemo.

Ranar raba kyaututtuka ta ƙarshen shekara aka kafa rumfa a filin makaranta. Baba ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce 'yan tsakiya su ne ginshiƙin makaranta, su ne ake mantawa da su, kuma daga yau an daina. Ya ce duk uban da bai san halin da 'yarsa ke ciki a aji ba, ya binciki kansa. Iyaye suka tafa. Sai ya sanar cewa kwamiti ya ƙirƙiro sabuwar kyauta musamman dominsu, kyautar rashin fashi.

Matsalar ita ce, a rajista duk 'yan tsakiya ashirin da shida na ajin ƙarshe ba wadda ta taɓa fashi. An ce Firinsifal ta duba jerin sunayen, ta ga ɗaya mai sunan mahaifi irin na shugaban kwamiti, ta tambaya aka ce ai 'yarsa ce. Ta ce abin ya zo daidai, a yi masa ba-zata.

Aka kira sunan Yaya a lasifika. Baba na tsaye riƙe da takardar yabo a cikin gilashi, murmushin bai riga ya bar fuskarsa ba. Aka sake kira. 'Yan ajin ƙarshe suka fara waige-waige. Ƙawarta mai benci ɗaya ta sunkuyar da kai. Malamar ajin ta shiga neman wani abu a jakarta. Ni ina layin gaba, na ce a raina yau kam sai ya faɗi gaskiya.

Baba ya jawo abin magana, ya yi gyaran murya.

"Kun ga ikon Allah," ya ce. "Shekara guda ba ta yi fashi ba, sai yau."

Rumfa ta ɗauki dariya. Aka tafa fiye da yadda aka tafa wa jawabin. Firinsifal har da share hawaye. Aka ce ƙanwarta ta zo ta karɓar mata. Na tashi na karɓa, mai hoto ya ce in ɗaga shi sama kaɗan.

A cikin hutun Kaka ta fara takawa da sanda. Da aka kusa komawa, Yaya ta ciro kayanta daga akwati, Mama ta nemi izinin rabin yini ta raka ta ofishin Firinsifal a kan maganar maimaita aji. Na bi su. Firinsifal ta tarbe su da fara'a, ta ce yau ga gwarzuwarmu ido da ido. Ta sa aka kawo fayil. Kati uku ne a ciki, na zango uku, duk hamsin da wani abu.

"Maimaita aji na 'yan goman ƙarshe ne," ta ce. "Dokar kwamiti ce. Yarinyar nan ta ci duk darussanta, ba ta fashi, har da takardar yabo. Da wane dalili zan rubuta ta maimaita? Ta gama makaranta."

"Ranki ya daɗe, ba ta yi jarrabawar fita ba," in ji Mama.

"Wannan tsakaninta da hukumar jarrabawa ne. Su kuma ba sa karɓar ɗaliba sai ta hannun makarantar da take ciki. Ita kuwa ba ta cikin tamu, ta fita." Ta rufe fayil ɗin. "Sai dai in kwamiti zai zauna ya rubuta cewa rajistar bara da sakamakonta duk ba daidai ba ne. Ai shugaban a gidanku yake kwana."

Baba ya ce zai duba. Bayan sati ya ce an miƙa maganar ga ƙaramin kwamiti. Bayan wata ya ce ƙaramin kwamitin na jiran a naɗa masa sakatare. Yanzu an ci rabin shekara, mutanen hukuma sun sake zuwa da na'urarsu sun tafi. Takardar yabon na rataye a falo kusa da hoton Baba, kuma in baƙi suka tambaya sai ya ce, "Ta babbar ce. Ita ba ta taɓa ba mu wahala ba." Yaya ke kawo wa baƙin ruwa. Kaka ta ji sauƙi, amma girki da wanki ba su koma inda suka fito ba.

Shekaranjiya Auta ta shigo kicin da gudu tana kaɗa katinta. Ajin ceto ya yi aiki, ta zo ta talatin da shida cikin arba'in da shida, ta fita daga goman ƙarshe da taki ɗaya. Yaya na yanka albasa. Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu, ta karɓi katin ta daɗe tana dubawa.

"Zango mai zuwa ki faɗi lissafi," ta ce. "Ki faɗi sosai, yadda kowa zai gani."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya, ta zaci wasa ne. Yaya ba ta yi dariya ba. Ni ma ban yi ba, don da safe na ji Baba na gaya wa Mama cewa likita ya ce za a yi wa Kaka aiki a ɗaya ƙafar, kuma jinyar wannan karon ta fi ƙarfin mutum ɗaya.